Ɓarawon Ruwan Sama

Jama'a, ku taya ni murna, na sami sarauta. Jiya Laraba da hantsi ina tsaye bisa tudun da ke yamma da ƙauyenmu, hannu ɗaya a sama riƙe da waya ina farautar sabis, rana tana gasa mani ƙeya, sai ga saƙo daga ƙasar waje. An riga an koya mani inda ake taɓawa Turanci ya juye Hausa, sai na taɓa. Abin da anka rubuto shi ne wai an yi bincike, an tabbatar ni Sammani macuci ne, na yi maguɗi, don haka an rufe akaunt ɗina har abada. Laifin nawa kuwa, na sa an yi ruwan sama ba da izini ba.

Ni fa! Ni da shekara uku ke nan ina shuka hatsi ina girbe kara. Ni da na yi shuka sau uku bana, ta farko rana ta ƙone ta, ta biyu iska ya rufe ta da yashi, ta ukun ko leƙowa ba ta yi ba. Duk faɗin ƙasar Gobir, daga Isa har Sabon Birni, ba a sami ɓarawon ruwan sama ba sai ni da rawanina ya shekara bai jiƙe ba.

Bari in ɗauko maku zancen daga tushe, don na san wasunku sun fara cewa zafi ya taɓa Sammani.

Ina da wa, Yaya Jibrilla, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe gandun gidanmu tun rasuwar Baba, kuma duk yankin Turba ba a hirar noma a tashi ba a ambaci sunanshi ba. Mutum ne da ke damtsar ƙasa ya sansana, ya ce maka ka dakata kwana biyu kafin ka yi shuka, in ka ƙi ji kuwa kai da irinka. Shekara huɗu da sunka wuce ya faɗi a gona yana noman farko, ɓarin jiki ya shanye. Hannun dama da ƙafar dama sunka tafi ba su dawo ba. Anka ɗauko shi, anka shimfiɗa mashi tabarma a zaure. Mutumin da azahar ba ta taɓa iske shi a gida da damina ba ya koma ƙirga azarar rufi. Ya daina hira, ya daina yi mana faɗa, kuma duk wanda ya san Yaya ya san ranar da ya daina faɗa abu ya ɓaci.

Ɗiyarshi da ke aure Sakkwato ce ta aiko da wayar, irin ta shafa, ita kaɗai ce irinta a gidanmu. A ciki akwai wani wasan noma. Sunanshi na Turanci ya fi ƙarfin bakina, mu dai Gandu muke ce mashi, kamfanin da ya yi shi kuma Masu Gandu. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne duk ƙarata: wasan mutum ɗaya ne. Ba ka karawa da kowa, ba ka cinye kowa, ba kofi, ba alƙali, ba 'yan kallo. Kai ne da gonarka cikin gilashi, ka yi sharar gona, ka shuka, ka nome, hadari ya taso, ka girbe. Sai dai kafin a bar ka ka taɓa ƙasar sai ka yi rajista, abin da ake ce ma akaunt, wato shafin da gonar take rubuce da sunanka can wurin kamfanin. Da yake Yaya ba shi da haƙurin cike-cike, sunana anka sa.

Da farko ya raina abin. Ya duba ya ga alkama, ya ga wasu jajayen ɗakuna, ya ga shanu masu ƙiba ba tozo, ya tura mani wayar da bayan hannu.

"Wagga wace irin gona ce ba gawo?" in ji shi. "Kai ta can, ba ni noman ƙarya."

Sai na kai ta Bafarawa wurin Ibrahima mai gyaran waya, wani dattijo mai furfura a gemu wanda ya fara da gyaran rediyo, zamani ya tura shi har ya iske kanshi cikin waya. Kwana uku ya yi da ita yana shiga hanjin wasan. Ya cire alkama ya sa hatsi, ya rushe jajayen ɗakunan ya gina rumbu, ya yi ma shanun tozo, ya kafa gawo. Da Yaya ya gani sai ya sa babban yatsanshi na hagu ya ja gawon ya kai shi gabas, daidai inda na gandun Baba yake. Cikin wata ɗaya ya shimfiɗa gonarmu kaf cikin wayar nan, har da surin da ke kusurwar kudu da 'yar hanyar da ke ratsawa zuwa fadama. Ya sa wasan yana tafiya da kwanakin gaskiya, ba gaggawa. Yana idar da sallar asuba sai ya ce a miƙo mashi gona. Faɗa ya dawo, ci ya dawo. Har aike na ya yi wurin liman in tambayo ko hatsin waya yana da zakka, liman ya ce in ya iya auna shi da tiya ya kawo.

Shekara uku fari yana cin ƙasar nan, amma gona guda a ƙauyenmu ba ta taɓa rasa ruwa ba. Mutane kan dawo daga jejinsu da ƙura har gira, su zauna zaurenmu su ce, "Jibrilla, buɗe mana mu ji hadari." Ya ƙara murya, a ji tsawa, a ji yayyafi bisa ganyen hatsi. Wallahi na ga dattijo ya share ido da bakin riga a zauren nan.

To, farkon daminar bana, ko in ce farkon abin da kalanda ta kira damina, na hau tudu da wayar don in kira wani. Ina saukowa na miƙa ma Yaya, sai na ji salati. Gawo ya ɓace, rumbu ya ɓace, ƙasar ta tsattsage, sama fes ba ko ɗigon girgije. Ga kuma sanarwa cikin fara'a daga Masu Gandu: wai sun saurari koken jama'a, kuma domin wasan ya yi kama da rayuwa ta gaskiya, sun kawo mana fari.

Kun ji fa. Wasu bayin Allah sun zauna a ƙasar da ake fita da laima kullum, sun yi taro, sun sha shayi, sun duba duniya, sunka gano abin da ya rage ma mutumin Isa shi ne fari. Allah ya saka masu da alheri, da ba su aiko ba ina za mu gan shi?

Yaya ya kife wayar, ya juya fuska ga bango. Kwana huɗu Saude matata tana ajiye tuwo tana ɗauke tuwo. Ko fura sai da rarrashi yake kurɓa biyu. Na tsorata ƙwarai, don na taɓa ganin wannan juya bayan, na kuma san inda yake kai mutum.

Na koma tudu na kira Ibrahima. Sabis yana yankewa, abin da na tsinta kawai shi ne, "Faci ne anka yi mata... sai an cire facin... ka zo Bafarawa ran kasuwa." To, ni tun tasowata mai faci ɗaya na sani a Bafarawa, Yari, da ke gindin bedi bakin tasha. Na ce ashe Ibrahima ya tura ni wurin gwani. Na bi layin mai tun hantsi har azahar, saura babur biyu a zo kaina mai ya ƙare, kamar yadda ya saba ƙarewa in ya hango ni. Na sha na kwalba a bakin hanya, rabi mai rabi addu'a, na kama hanyar daji.

Na iske Yari yana neman hujin wata taya da miyau, don baho ɗin da yake tsoma tayu ya bushe tun bara. Munka gaisa.

"Sammani, ta gaba ce ko ta baya?"

"Waya ce," na ce, na miƙa mashi. "An ce an yi mata faci, a cire."

Ya karɓa, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya kai ta kunne ya matsa. 'Yan kabu-kabun da ke jiran iska sunka matso.

"Ina bawul ɗinta?" in ji shi. "Mi ya same ta bayan facin?"

"Ruwa ya ɗauke."

"To ai aiki ya yi kyau ke nan! Ni duk facin da na yi, in ya daina yoyo sai a gode mani. Wanga da ya yi maka faci har sama ta daina zuba, ka nuna mani shi in koyi aiki."

Dariyar da anka yi mani a tashar nan har mai rake ya baro rakenshi ya zo ya ji. Yari ya share hawaye, ya nuna mani rumfar Ibrahima da bakin guduma, ya ce in na wuce in gaishe da bawul.

Ibrahima ne ya warware mani. Ashe gyaran da kamfani ke turowa ta iska, ba tare da ka roƙa ba, shi suke kira faci.

"To wa ya ce masu ta lalace?" na tambaye shi.

"Ba wanda ya ce. Su ke gyara, su ke sanin abin da ya lalace."

Nan take na gane zancen sarai, don mu ma a ƙauyenmu an yi mana faci. Muna da rijiya da kakanmu ya gina, gaba goma sha huɗu, wadda tsofaffi sunka ce ko a manyan yunwoyin da ba ta ƙafe ba. Guga da igiya, shi ke nan, ba ta taɓa neman injiniya ba. Shekara biyu da sunka wuce sai ga Mai Girma Garkuwan Almakashi, Allah ya ƙara ma almakashinshi kaifi, da motoci goma sha ɗaya da masu ɗaukar hoto. Ya ce an wuce zamanin guga. Anka rufe bakin rijiyar da murfin siminti mai kaurin taƙi guda, anka sa famfo mai aiki da hasken rana, anka kafa tanki, anka kafa allo wanda ya fi tankin girma. Ya yanke zare, ya wanke hannu a famfon, munka yi tafi har tafinmu ya yi ja. Kwana tara famfon ya yi yana aiki. Allon dai, in faɗi gaskiya, har yau lafiyarshi lau, kuma yana ba da inuwa mai kyau da la'asar. Tun daga lokacin matanmu ke kora jakai zuwa ƙauyen gaba da jarkoki, tafiyar awa guda zuwa, awa guda dawowa, ga ruwan kakansu kwance ƙarƙashin siminti yana jiran injiniya. Duk sanda munka ce a fasa murfin a koma guga, sai Wakili, ɗan garinmu da ke kai da kawowa tsakaninmu da Mai Girma, ya ce duk garin da ya taɓa aikin nan za a cire sunanshi daga jerin tallafin fari. Sai kowa ya kama gabanshi.

Ibrahima ya ce zai iya maido da tsohon wasan, na kafin faci, har da gawo da rumbu, don yana da ajiyarshi. Amma ya ɗaga yatsa.

"Sammani, ka saurare ni. Ranar da ka yi rajista akwai wani dogon rubutu da ka danna ma 'na yarda'. Ka karanta?"

"Wa ke karanta wannan?"

"To a ciki ka yarda gonar ba taka ba ce, aro anka ba ka. Ka yarda ba ka taɓa hanjin wasan, ba ka ƙin faci. Dā suna kau da kai, yanzu sun sa mai gadi. Za ni sa mata alamar jirgi don kada ta ga sabis. Ran da wayar nan ta gaisa da masu ita, kashinku ya bushe."

Na ce ai wasan mutum ɗaya ne, wa na cuta? Hatsin wa na ci? Ya ce shi ma ya sha tambayar kanshi, amma mai gadin inji ne, kuma inji ba ya tambayar wa anka cuta.

Na dawo gida da la'asar, na ajiye wayar kusa da kan Yaya, na ƙara murya. Da tsawar farko ta tashi sai na ga kafaɗarshi ta motsa. Ya juyo a hankali, ya duba, ya ga gawo a gabas. Abin da ya fara cewa shi ne, "Dubi yadda ciyawa ta cinye mani gona, kuna zaune kuna kallo." Sannan ya ce a kawo tuwo. Mako bakwai munka yi cikin ruwan sata, kuma ban taɓa jin daɗin haram irin wannan ba.

Kuskurena ɗaya, ban gaya ma Saude zancen jirgin ba. In na gaya mata sai ta tambayi yadda tafiyar ta kasance, in ta tambaya sai zancen Yari ya fito, ni kuwa ina da girma a gidana. Ashe tun ranar matan 'yan kabu-kabu sun kai mata labarin bawul har da ƙari, ta dai rufa mani asiri ne. Ranar Larabar makon jiya ƙanwarta da ke aure Gangara ta haihu. Yaya yana barcin azahar, ta ɗauki wayar ta hau tudu don ta aika barka. Ta ga hoton jirgi a sama, ta ce wa za shi Makka a gidan nan, ta kashe shi. Ta rantse mani ko "ina kwanan jariri" ba ta ƙarasa ba wayar ta yi ƙara, wasan ya rufe, jan rubutu ya fito. Ta sauko tana kuka.

"Malam, na kashe gonar Yaya."

"Ba ke kinka kashe ta ba," na ce mata. "Ni ne da girman kaina."

Jan rubutun ya ce an dakatar da mu, amma muna da damar ɗaukaka ƙara, kuma za a ba da amsa cikin kwana bakwai. Na ɓoye wayar cikin buhun iri, na ce ma Yaya batir ne ya kumbura, tana wurin Ibrahima. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce hatsinshi ya fid da kai, saura kwana tara a girbe, kuma tsuntsaye ba su san zancen batir ba. Kullum da safe sai ya tambaya, kullum sai in ƙara ƙarya bisa ta jiya, kuma ina kallon tuwon da yake ragewa yana ƙaruwa.

Da yake ƙarar tana son Turanci mai nauyi, na nufi Wakili, don shi ke rubuta ma garinmu takardun godiya duk sanda anka yi mana alkawari. Na iske shi a inuwar allon rijiya yana shan iska. Na kwashe labari na gaya mashi.

"Sammani, kai ma ka san doka doka ce," in ji shi. "Abin da manya sunka sabunta ba a maida shi baya. Ci baya ke nan."

"Ranka ya daɗe, sabon ba ya ba da ruwa."

"Ba ruwa ake dubawa ba, tsari ake dubawa. In kowa ya ce zai koma ma tsohon abu don kawai yana aiki, ina ci gaba?"

Na dubi murfin simintin da ya ɗora ƙafa a kai, na ce wannan gaskiya ne, Allah ya ƙara basira. Na tambaye shi labarin injiniya, ya ce yana hanya. Bawan Allah nan shekara biyu yana hanya, ko daga Sin ya taso da ƙafa ya ci a ce ya iso Shinkafi.

Sai na rubuta ƙarata da kaina, da Hausa, Ibrahima ya sa inji ya juya ta. Na ce masu: Ya ku Masu Gandu, na ji kun ce gonar aro ce, na yarda. To a ƙasarmu aron gona yana da ƙa'ida. Ko ka yi faɗa da wanda ka ara ma, ko ya zage ka a kasuwa, ba ka karɓe gonarka da shuka a tsaye. Sai ya girbe abin da ya shuka, ya kwashe karanshi, sannan ka ce mashi baɗi kada ya dawo. Wanda ya karɓe gona da hatsi a kai, ko jikokinshi sai an goranta masu. Mai gonar nan tsoho ne mai hannu ɗaya, bai ci na kowa ba, ruwan ma ba daga gonar wani munka karkato shi ba. Ku bar shi ya girbe, kwana tara kawai, sannan ku rufe.

Nan dole in yaba masu. Sun ce kwana bakwai, kuma ran kwana na bakwai, da hantsi, amsa ta zo, ita ce wadda na buɗe maku zance da ita. Ba kwamiti, ba a dawo gobe, ba oga ya fita. Mu da munka kai kuka bakwai a kan rijiya ba a ko ce mana an gani ba, ga mutanen da ke iya yanke maka hukunci a kan lokaci. Zancen aro kuwa ko kallo bai ishe su ba, sun dai gode mani da kasancewa cikin iyalinsu, sannan sunka kore ni.

Na sauko daga tudun na nufi gida. Na tsaya ƙofar zaure na kasa shiga, ina tuna kwana huɗun nan na bango. Daga ciki Yaya ya ce, "Shigo, Sammani, tun ɗazu nake jin numfashinka. Batirin ya sace?"

Na durƙusa na gaya mashi duka, har da Yari, har da jirgi. Da na ƙare sai ya tambaye ni.

"Gawon ma?"

"Har gawon, Yaya."

"Saura kwana biyu in girbe."

"Na sani."

Babban yatsanshi ya shiga shafar tabarma. Ni ina jiran ya juya ga bango. Sai ya ce, "Sun ce sun kore mu har abada?"

"Haka sunka ce."

"To ga ni, ga ka. Mi ya ragu a jikinka?"

Na duba jikina, na ce ba komai.

"Ashe haka kora take," in ji shi. "Shekara biyu ana tsorata mu da ita, ban san iyakarta ke nan ba. Kai ka cire facin waya don ni. Matarka kuwa tun asuba take bin jaki. Ɗauke ni ka kai ni rijiya, ka aika a karɓo guduma wurin maƙera."

Munka ɗora shi bisa amalanke, ni da maƙwabta biyu. Kafin mu isa rabin gari ya biyo mu. Anka zaunar da shi bakin murfin, ya ce a ba shi gudumar. Ya kama ta da hannun hagu, ya ɗaga ta kamar taƙi guda ya sake. Ɗan abin da ya ɓare bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Kowa ya shaida," in ji shi. "Ni Jibrilla na fara. In an zo rubuta suna a rubuta nawa, na riga na saba."

Daga nan majiya ƙarfi sunka karɓa. Kafin la'asar murfin ya tsage, anka janye shi da igiyoyi, wani sanyi ya taso daga ciki wanda na manta da irinshi. Saude ce ta zura guga. Igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, sai munka ji tsulum. Matan nan sunka ɗauki guɗa. Gugan farko Yaya anka miƙa ma, ya sha, sauran ya zuba a ka, ya ce a gaya ma Masu Gandu wannan ma ba da izini ba ne.

Wakili ya iso da littafi da biro, fuska a murtuke. Ya rubuta sunan Yaya, ya rubuta nawa, ya sanar da cewa daga yau an cire garinmu daga jerin tallafin fari. Na roƙe shi arziki ya nuna mani jerin, in ga sunanmu sau ɗaya mu yi ban kwana. Ya buɗe jaka ya fiddo takardar, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, ya sake bi. Ashe tun farko ba mu ciki. Ya ce to za a sa mu, sannan a cire mu, don a bi tsari. Da zai tafi ya ja ni gefe ya tambaya ko iyalinshi za su iya kawo jarka biyu.

Yaya ya ci tuwo jiya har ya nemi ƙari, ya kuma yi ma Saude faɗa wai miya ta yi gishiri. Amma ba za ni yi maku ƙarya in ce komai ya wuce ba. Yau da asuba na leƙa zaure na iske shi zaune, ido a rufe, babban yatsan nan yana tafiya bisa tabarma layi-layi, yana kaiwa gabas yana kewaye wani abu da ba ya nan. Gobe ne ranar girbinshi. Na koma da baya ban yi sallama ba.

Ku kuwa Masu Gandu, sarautar da kunka ba ni na karɓa, na gode. Sai dai ruwan nan na mako bakwai da kunka ƙwace a hannuna, in yana nan ajiye a sitonku kuma ba ku da abin yi da shi, ku aiko mana. Ku ba direban Isa, ku ce a sauke a Turba, a tambayi gidan ɓarawo, kowa ya sani.